Ƙanzon Mma Memunatu

Shekarar da gwamnati ta ce za ta kewaye wani fili a Tema, a ƙasar Gana, ta yafe wa masu sana'a haraji a cikinsa, ba a sami mutum biyu a unguwar Nima ta birnin Accra da suka fahimci maganar iri ɗaya ba. Rediyo ya faɗa da Turanci, ya maimaita da yaren Asante, ya sake da Hausa, kuma kowane yare sai da ya ƙara wa abin duhu. Sunan wurin dai kowa ya riƙe, Firi Zon. Daga nan kuma kowa ya kama gabansa.

Alidu mai tukwane ya fi kowa ruɗewa, don shi ya fi kowa buƙatar abin. Rumfarsa tana bakin babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi. A nan yake narkar da gwangwanaye da tsofaffin kayan inji, ya zuba a yashi, su fito tukwanen dalma masu kunne biyu. Hannunsa yana da kyau, har daga Lome mata suke zuwa su ɗaure tukwanensa a buhu. Amma masu karɓar haraji sun mai da rumfar wurin shan iska. Na birni ya zo, na unguwa ya zo, wani ya ɓullo ya ce shi na hayaƙi ne. Ranar da Alidu ya ce babu, sai su kwance masa keken da yake hura wuta da shi su yi gaba, wuta ta mutu, dalma ta daskare a kasko, aikin yini ya tashi a banza.

Wanda ya ɗauki nauyin yi masa bayani shi ne abokinsa Gafaru, ɗan kamasho a bakin tashar jiragen ruwa ta Tema. Gafaru irin mutanen nan ne da ba a taɓa jin “ban sani ba” a bakinsu. Ko kan tsohuwar kabewa ka tambaye shi, zai gaya maka wanda ya shuka ta.

“Cale, abokina, buɗe kunne,” in ji Gafaru, yana zaune a kan kifaffiyar tukunya. “Wurin nan yana cikin Gana, amma ba Gana ba ne.”

“To ina ne?”

“Waje.”

“Wace ƙasa?”

“Ba shi da ƙasa. Waje ne kawai. Ka shiga get, ka fita Gana. Ka fito get, ka dawo. Shekara goma ba mai tambayan ka ko pesuwa ɗaya.”

Alidu ya ajiye awartaki. Shi ya san Tema. Torotoro ake hawa, wato ƙaramar motar haya, kafin mutum ya gama cin goro ya isa. Yadda za a yi a datse wani yanki a bayan garin a ce ya zama waje, wannan ne ya ƙi shiga kansa. Bayan azahar ya tare liman ya tambaye shi: in mutum ya fita ƙasa da safe ya dawo da yamma, kullum, sallar matafiyi zai riƙa yi ko ta mazauni? Liman ya tambayi nisan wurin, aka gaya masa, ya ce bai kai ba. Alidu ya ce to ai waje ne. Liman ya shafa gemu ya ce zai duba littafi, kuma daga ranar, in ya hango Alidu, sai ya tuna yana da uzuri.

Unguwa kuwa ta ci gaba da ƙara gishiri. Wani ya ce 'yan sanda ba su da ikon shiga. Wata ta ce mai ciki kada ta kuskura, don in ta haihu a ciki jaririn ba shi da ƙasa. Wani tela ya rantse cewa agogon wurin ma dabam yake tafiya. Duk Alidu ya saurara, kuma duk bai ƙaryata ba, tunda ba shi da abin da zai ƙaryata da shi.

Sai wata rana Gafaru ya dawo da abin da ya hana Alidu sukuni. Ya ce matsala ɗaya ce. Ya ji da kunnensa, don baƙi aka yi wurin. Masu kawo jari daga waje ake nema, su ake wa shimfiɗa, su ake yafe wa haraji. Ɗan ƙasa, sai dai ya shiga da dako. Ya faɗi haka, ya kalli hagu da dama, ya rage murya.

“Amma kai, Alidu...” Bai ƙarasa ba.

Ba sai ya ƙarasa ba. Akwai maganar da tsofaffin Nima duka suka sani, kuma babu wanda yake furta ta. A ƙarshen 1969, lokacin da aka ba da umarnin duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar, Alidu saurayi ne sabon zuwa daga Tawa ta ƙasar Nijar, sunansa ma Halidu. Kawunsa da ya kawo shi an loda shi a lori, shi kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi a wani lungu. Ranar da ya rarrafo ya fito neman abinci, sai ya yi kiciɓis da 'yan sanda a gaban rumfar wata Badagomba 'yar Yendi mai sai da tuwo da miyar ayoyo, wato Memunatu. Ba ta san shi ba, ba ta san sunansa ba. Ta ga an riƙe wuyan rigarsa, sai ta ajiye mara, ta taso ta kama kunnensa, ta kwaɗa masa mari mai kyau, ta hau shi da faɗa da Dagombanci, wai tun safe ta aike shi ɗebo ruwa. 'Yan sanda suka yi dariya suka sake shi. Sun san babu mai marin ɗan wani irin wannan mari.

Daga ranar ya zama ɗan Mma Memunatu. Ita ta goge masa harafin farko na sunansa ya koma Alidu. Ita ta kai shi koyon zubin tukwane, ita ta kai goron neman aurensa gidan su Abibatu. Da labari ya zo cewa mahaifiyarsa ta rasu a Tawa, Mma ce ta dafa sadaka, ta gaya wa maƙwabta ƙanwarta ce ta rasu, ta yi kuka na gaske. Shi kuma ya lanƙwasa harshensa ya koma Hausar Zongo, ya bar ta garinsu ta kwanta. Tukunyar farko da ya zuba da hannunsa, mai karkataccen kunne, ita ya kai wa Mma, kuma har yau a cikinta take tuƙa tuwon gida. Kullum da la'asar sakaliya, in ya rufe rumfa, sai ya biya ya tsuguna a gindin murhu, ta miƙa masa tukunyar da ƙanzonta, ya kankare da cokali ya zuba ragowar miya. Ga shi da furfura a gemu, ga 'ya'ya, amma ƙanzon nan nasa ne, kuma jikokinta sun san ba a taɓa shi.

Yanzu ga gwamnati ta juyo tana neman baƙi da fitila. Alidu ya rasa ta ina zai kama lissafin. An kore su don su baƙi ne, ya ɓoye, ya zama ɗan ƙasa, ya sha haraji kamar kowa. Yau an ce baƙo shi ne mai gata. To shi wane ne a cikinsu? In ya ce baƙo ne, gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar za ta raba shi da masu kwance masa keke. In ya yi shiru, ya zauna a bakin kwata yana kallo mutanen da ba su taɓa shan ruwan Nima ba su zo su kwashe.

Ya gaya wa Abibatu. Ta dube shi sama da ƙasa.

“Ka gaya ma Mma?”

“Me zan gaya mata? Magana ce ta gwamnati.”

“Yoo,” in ji Abibatu, ta ci gaba da tsinar shinkafa. Wannan “yoo” ɗin bai yi masa daɗi ba.

Ya gwada gaya wa Mma, tsakani da Allah ya gwada. Da yamma yana kankarar ƙanzo ya ce, “Mma, kin ji wai yanzu baƙi ake nema?”

“Wane baƙi? Waɗanda aka zuba a lori?”

“Wasu dai.”

Tsohuwa ta yi dariya har ta yi tari. “Gomnati bai san abin da yake so ba. Ka ci abincin ka.” Ta ƙara masa miya, shi kuwa ya haɗiye maganar da ƙanzo.

Ana haka sai ƙungiyar masu sana'ar hannu ta gayyato wata jami'a daga ofishin da ke kula da sabon filin, ta zo ta warware wa mutane. Aka kafa rumfuna a filin makaranta, aka jera benci, aka ɗaure lasifika biyu a kan darbejiya, ɗaya na kallon Mamobi, ɗaya na kallon Nima. Ticha Mashud, malamin makarantar, shi ne tafinta. A gefe ga 'yan sanda biyu suna hamma. Jami'ar matashiya ce mai tabarau, mai ladabi, ta yi bayani dalla-dalla, Ticha Mashud yana juyawa yana gumi. Ta ce kayan da aka yi a cikin filin, in aka fito da su kasuwar Accra, kamar an shigo da su ne daga ƙasar waje. Wani kafinta ya tambaya, to in ya je da abincinsa ya rage ya dawo da shi fa? Aka yi ta hayaniya a kan wannan har aka manta da inda aka tsaya.

Gafaru ya zunguri Alidu. “Tashi. In ba yau ba, sai yaushe?”

Alidu ya tashi. Aka miƙa masa abin magana. Da ya buɗe baki, sai Hausar da ya binne shekara ashirin da wani abu ta fito da kanta, cikakkiya, har shi kansa ya ji ta baƙuwa.

“Na taho in hwaɗi gaskiya. Sunana Halidu ɗan Mamman, mutumin Tawa, ƙasar Nijar. Ni baƙo ne. A rubuta ni cikin baƙi.”

Matasa suka fashe da dariya, suna zaton wasa ne. Amma tsofaffi ba su yi dariya ba. Su sun ga lori, kuma sun ga 'yan sanda biyu a gefe. Abin da jikinsu ya saba yi tun wancan zamani, shi ya yi. Wani dattijo mahauci ya miƙe da sandarsa.

“Ƙarya yake! Ɗan Yendi ne! Mun san uwan shi!”

“Rana ya taɓa shi,” in ji wani. “Hayaƙin dalma ne, madam, kar ki rubuta.”

“Ni na ci tuwon sunan shi!” in ji na uku, mutumin da bai taɓa taka Yendi ba.

Alidu ya ce wallahi daga Tawa yake. Suka ce wallahi ba daga can yake ba. Ya ambaci sunan unguwarsu da rijiyar garinsu, suka ce a bakin direbobi ya ji. Wani ya kama rigarsa yana ja ya zauna. Jami'a tana kallon Ticha Mashud, Ticha Mashud ya rasa wanda zai fara fassarawa. Alidu ya ga ƙofa tana rufewa a kan idonsa, kuma masu ƙaunarsa ne suke tura ta. Ransa ya ɓaci, kansa ya ɗau zafi, ya fizge rigarsa, ya manna baki a abin magana.

“Ba uwata ba ce! Ba ita ta haife ni ba! Ba mu haɗa jini ba, ba mu haɗa komai ba! Mai sai da tuwo ce kawai, na raɓe a gidanta!”

Lasifika ba ta da kara. Ta ɗauki maganar ta watsa a kan rufin kwano, ta tsallaka kwata, ta shiga lungu-lungu. Dattijon mahauci ya koma ya zauna a hankali, ya sa sandarsa tsakanin ƙafafunsa, bai sake ɗaga kai ba.

Ticha Mashud ya fassara da ƙaramar murya. Jami'ar ta gyara tabarau, fuskarta cike da mamaki na gaskiya, ta tambaya ko mene ne tambayar bawan Allahn. Aka ce so yake a sa shi cikin baƙi don ya sami shiga. Ta ce ai babu mai tambayar inda aka haifi mutum. Ɗan Gana da baƙo, ƙofa ɗaya ce. Abin da ake so, mutum ya zama yana da kamfani mai rajista, kuma kashi saba'in cikin ɗari na abin da ya ƙera ya tafi ƙasashen waje.

“Matan Lome suna sayen tukwanena,” in ji Alidu. Muryarsa ta riga ta mutu.

Ta tambaya a ina suke saye. Aka ce a Nima. Ta ce to wannan a Gana ya sayar.

“To madam, in na shiga filin nan, ina nake?”

“A Tema,” in ji ta.

Ya juya neman Gafaru. Gafaru, Allah ya shirye shi, yana can yana gaya wa na kusa da shi cewa shi dama tun farko haka ya fahimta. Alidu ya miƙa abin magana ga wanda bai ma gani ba, ya fita daga filin. Har yanzu bai gane ko Tema waje ce ko ciki ba. Abu ɗaya ne ya fito masa sarai, shi ne abin da bakinsa ya faɗa.

Bai koma rumfa ba. Ya yi ta zagaye a lunguna, mutane suna amsa gaisuwarsa a gajarce, har rana ta yi sanyi. A bakin gidan Mma ya tarar da Abibatu tsaye da mayafi.

“Ta ji?”

“Har kajin gidan sun ji,” in ji Abibatu. Ta matsa ta ba shi hanya, ba ta bi shi ba.

Ya yi tsammanin kuka, ko zagi da Dagombanci, ko ma mari. Da marin ne da ya yi murna. Abin da ya tarar, tsakar gida an share ta fes, an shimfiɗa sabuwar tabarma a inuwa, wadda ba a fito da ita sai malamai sun zo. Mma Memunatu ta fito daga ɗaki da ɗankwalin zuwa biki. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwarta na ƙara, ta ajiye masa ruwa a kofin gilashi.

“Maraba, maraba. Sannu da zuwa. Ya hanya?”

“Mma...”

“Bisimilla, a zauna. Ya mutanen Tawa? Kowa lafiya?”

Ya zauna. Ta koma ɗaki ta buɗe kabad ɗin da take jera kwanukan aurenta, ta fito da kwanon tangaran mai murfi da fure-fure. Tun yana saurayi yake ganin kwanon nan ta bayan gilashi, bai taɓa cin abinci a ciki ba. Ta ajiye a gabansa ta buɗe. Tuwo ne mai laushi, malmala biyu, ga miya, ga cinyoyin kaza a sama. Ya waiga wajen akurki. Kazarta mai ƙwai, wadda take ji da ita, ba ta nan.

“Mma, kuskure na yi. An ce mini sai baƙo ake ɗauka. Ashe ba haka ba ne. Ni ban gane komai ba, wallahi har yanzu ban gane ba.”

“Allah sarki,” in ji ta. Ta ja kujerarta can nesa ta zauna, ta ɗan ba shi gefe, yadda mai gida ke yi don kada baƙo ya ji kunyar cin abinci. “In za a koma, a gaida gida.”

“Ba ni da kowa a can. Kin sani. Ke kika dafa sadakar.”

“Ni mai sai da tuwo, ina zan sani?”

Ta ɓoye hannuwanta cikin zane. Hawaye suka zubo wa Alidu, ƙato da furfurarsa, bai ko share ba. Ya ture kwanon tangaran gefe, ya tashi ya nufi gindin murhu ya tsuguna a inda ya saba, ya miƙa hannu.

“Mma, ƙanzona.”

“A'a,” in ji ta, ba tare da ta juyo ba. “Ba a ba baƙo ƙanzo. Abin kunya ne.”

Sai a lokacin ya ga tukunyar mai karkataccen kunne. An kankare ta, an wanke ta da toka har tana ƙyalli, an kife ta a jikin bango.